Gaurakan da Maigidana Ya Bari

Ba a daɗe da kai maigidana makwancinsa ba, ina zaune a kan tabarma a ɗakina na shiga takaba, sai wayarsa ta yi ƙara a ƙarƙashin matashin kai, inda ya saba ajiye ta. Na ɗauka wani ne da labari bai kai masa ba. Da na duba, saƙo ne daga ƙaramin gidan namun dajin nan na bayan gari, idan an wuce Oforikrom. Wai sun samu beguwa biyu, mace da namiji, sun yi musu sabon keji kusa da ƙofar shiga, a zo a gani. Har da hoto. Na daɗe ina kallon hoton, sannan na mayar da wayar inda take.

Dalilin da ya sa suke turo masa saƙo shi ne gauraka. Shekarar da na haifi 'yarmu, wadda ita kaɗai Allah ya ba mu, wani direban motar shanu ya kawo masa ɗan gauraka daga arewa a cikin kwali. A tsakar gidanmu na Zango ya girma, yana yawo tsakanin bokitai da murhun gawayi, da tukkun nan nasa ruwan zinariya, kamar shi ya gina gidan. Masara yake ci, da ragowar wake da shinkafa idan na kankare tukunya. Kukansa kan riga ladan. Tsofaffin gidan suna cewa ya fi agogo, 'yan haya kuma suna tsaki.

Sannu a hankali aka yi ta ƙara ɗakuna, tsakar gida ta koma lungu. Ran da ya sari ɗan wata 'yar haya a goshi, maigidana bai jira an kai ƙara ba. Ya naɗe tsuntsun a tsohon zanena, ya tari tasi zuwa gidan namun dajin nan. Da ya dawo bai ci abinci ba. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ce mini:

"Ajiya na ba su. In Allah ya ba mu fili a Asokore Mampong, zai dawo gida."

Filin bai samu ba. Amma kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, yakan cika aljihun rigarsa da masara ya hau trotro, motar haya, ya je ya gan shi. Ya sha cewa in zo mu je. Kullum akwai tukunya a wuta, ko wanki, ko baƙi. Ban taɓa zuwa ba.

Da ya rasu ban yi kuka ba. Mata suna shigowa gaisuwa su yi ta sharɓe, ni ce mai miƙa musu ruwa. Har yabona aka yi, wai ina da tawakkali. Ni dai ban sani ba. Abin da na ji ya fi kama da ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma babu komai a ciki. Ina salla a kan lokaci, ina jan carbi, ina cin abin da aka kawo mini. Mai takaba ba ta fita sai da larura, ni kuma ko da an ce in fita ban san inda zan nufa ba.

Saƙonnin suka ci gaba da zuwa, da Turanci, wani lokaci da 'yar gaisuwa da yaren Twi a sama. Nakan sa wayar a caji duk da na san ba tawa ba ce tukuna, ta magada ce. Bayan azahar nake karantawa. An shafe kududdufin kada da siminti. Birinya ta haihu, ana neman baƙi su ba da shawarar suna. An kawo mesa an sa ta a bayan gilashi. An kafa benci a ƙarƙashin bishiyar mangwaro don tsofaffi su huta. An rufe hanyar baya saboda taɓo, a yi haƙuri. Mutanen da ban sani ba suna amsawa da hoton babban yatsa da na zuciya. Ni ba na amsawa. Ba daɗi suke mini ba, ba kuma ciwo. Su ne kawai maganar da ke shigowa ɗakin wadda ba ta fara da "ya haƙuri" ba.

Wata rana suka ce suna rushe tsofaffin kejin tsuntsaye. Za su yi babba guda da raga a sama da ruwa a ciki, kuma suna jiran gauraka na biyu, don tsohon da ke wurinsu ya daɗe shi kaɗai. A hoton yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya juya wa mai ɗauka baya.

A satin ne ƙanin maigidana ya zo da malamin unguwa don rabon gado. Tun da 'ya mace ce kawai, ƙanin ma yana da rabo. Ba mugu ba ne. Shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti, shi ya sauke mamacin a kabari, kuma ya gaji. So yake a gama, kada a bar wa yayansa nauyi. Aka shimfiɗa kaya a falo: riguna, huluna, rediyo, fanka, da takalman da suka rage a rumfarsa ta kasuwa. Ina bayan labule, 'yata na zaune a gefena.

Ana cikin lissafi ya ta da maganar tsuntsun. Ya ce wani alhaji a Asokore Mampong ya gina gida mai fili, yana neman gauraka ido rufe, har ya aiko sau biyu. Malam ya ce abin ya danganta: in kyauta mamacin ya yi, ya fita daga dukiyarsa, ba ruwan kowa, in kuwa ajiya ce, to yana cikin gado, dole a karɓo a yi masa kima. Babu takarda, babu shaida. Direban tasin ma ba wanda ya san inda yake.

"Yaya," in ji ƙanin maigidana ta bayan labule, "ke ce kika ji bakinsa ran nan. Me ya ce?"

'Yata ta danna mini babban yatsan ƙafa. Na gane abin da take nufi. Kalma ɗaya ce, in ce kyauta, a bar tsuntsun inda yake, da ruwansa da abokin da ake jira. Na kuma san gidan alhajin, duk tayil ne, da karnuka. Na zauna ina kallon zaren da ya fita daga gefen labulen. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba. Muryar maigidana kawai na ji yana cire takalmi.

Na ce, "Ajiya ya ce."

'Yata ta janye hannunta. Malam ya ce to, madalla, Allah ya saka da gaskiya, a sa shi a lissafi. Ƙanin maigidana ya fara maganar wanda zai ba shi aron mota.

Sai na ce a sa mini tsuntsun a rabona. Ban shirya faɗin haka ba.

Ya yi dariya, irin wadda muka saba tun ina amarya. "Yaya, a ina za ki ajiye shi? A kicin, ya taya ki tsince shinkafa?"

"Inda yake."

Malam ya yi gyaran murya ya ce ya halatta in sauran magada sun yarda, sai dai rabon mata ɗan kaɗan ne, kashi ɗaya cikin takwas. A kayan ɗaki an riga an ware mini fanka da waya. In na ɗauki tsuntsu, sai in saki waɗannan. 'Yata ta ce ta yarda, ba tare da ta dube ni ba. Ƙanin maigidana ya ce shi dai bai gane ba, amma ba zai ja da matar yayansa a kan tsuntsu ba, zai san abin da zai gaya wa alhajin.

Na zaro wayar daga ƙarƙashin matashi, na cire caja na naɗe, na tura su ta ƙasan labule. Washegari bayan azahar na kai hannu wurin, sai na tuna. Sauran takabar na yi ta a ɗaki mai zafi, ban san ko an gama kejin ba.

Da na fita takaba na yi wanka na sa sabon zane, Juma'ar farko na ce wa 'yata ta raka ni gidan namun dajin. Na ƙulle masara a gefen mayafi. Wurin ya fi ƙanƙanta a kan yadda na zata. Beguwar suna barci a cikin rami, ƙayoyinsu kawai ake gani. Kadan yana kwance baki buɗe. Na gane bencin mangwaron tun daga nesa.

Kejin tsuntsayen yana can ƙarshe, mai faɗi, raga har sama. Gauraki biyu suna tsaye a bakin ruwa, nesa da mu, tsayinsu ɗaya, tukkunsu ɗaya.

"Mma, wanne ne na Baba?"

Na duba, na sake dubawa. Na yi irin kiran da nake yi masa da harshe idan na kankare tukunya. Ɗaya ya ɗaga kai, sannan ɗayan ma ya ɗaga. Duk suka koma ga ruwansu.

Na ce mata ban sani ba.

Akwai wani ma'aikaci yana shara a wurin, Ba'asante mai furfura. Na gaishe shi, na ce masa tsuntsun da wani bawan Allah daga Zango ya kawo ajiya, yanzu nawa ne, kuma na bar musu shi kyauta, ya shaida. Ya ce bai daɗe da fara aiki ba, bai san zancen ba, amma ya gode, zai gaya wa manya. Da ya ga ina kwance gefen mayafi, sai ya nuna mini allo a jikin ragar. An hana baƙi ba dabbobi abinci, tun da aka buɗe sabon kejin. Ya ce ai sun tura saƙo a waya.

Na sake ƙulle masarar. Muka ɗan zauna a bencin har la'asar ta yi, muka nemi ruwa muka yi salla a kan ciyawa. A trotro 'yata ta yi kuka a hankali, fuskarta a jikin taga, na riƙe mata jaka. Da muka iso gida na juye masarar a gwangwanin da na ɗebo ta, na rufe, na ɗora ruwan tuwo.