Mai Zama a Kan Tukunya

Na fara sanin Bhekizitha Mchunu a shekarar 1921, lokacin da na fito daga makarantar mishan da farar rigata, na kama aikin akawu a masana'antar Dettmer da 'Ya'yansa. Jamusawan lardin Natal ne, suna ƙera garma da injin casar masara da injin tururi. Na same shi zaune a kan tukunyar tururin wani sabon inji, wuta na ci a ƙarƙashinsa, yana cin tuwon masara da kindirmo.

"Kai ɗan mishan, matsa can," in ji shi. "In ta fashe za ta ɓata maka riga."

Al'adar gidan ke nan. Ranar gwajin kowace sabuwar tukunya, sai mutum ya hau kanta har tururi ya kai maƙura, don mai saye ya ga maƙera sun yarda da aikinsu. A da, tsoho Dettmer da kansa yake hawa. Ɗansa ya ga tsayawa a gefe ya fi mutunci. Jikansa Helmut kuwa, da zamaninsa ya zo, ta tagar ofis yake nuna tasa yardar. Hawa dai ya koma kan Mchunu mai buga ƙusoshin da ke riƙe tukunya, har ya yi furfura yana yi.

Da tarakta ta shigo, kasuwar tururi ta mutu. Helmut ya sayo ƙarfe mai araha aka haɗa inji na ƙarshe. Mchunu ya ƙwanƙwasa tukunyar, ya saurara, ya ce ba za ta riƙe ba. Aka ce masa tsufa ne ke damunsa. Sai ga tsoho Dettmer ya dogaro sanda, ya ce tunda na ƙarshe ne shi zai hau. Ba mai iya tanƙwara shi, har an kira mai hoto.

Da safiyar gwajin, kafin a hura wuta, Mchunu ya ɗauki babbar guduma ya rotsa gefen tukunyar a gaban kowa.

"Ka haukace ne, Mchunu?" Helmut ya daka masa tsawa.

"Hannuna ne ya zame, yallaɓai."

"Har sau uku?"

A ranar aka sallame shi. Injin yana nan har yau a mashigar gari, furanni kewaye da shi, da allo mai shaida cewa tukunyar Dettmer ba ta taɓa fashewa ba. Gaskiya ne kuwa.

Bayan shekaru na iske Mchunu a ƙauyensu yana kiwon awaki.

"Baba," na ce, "tsoho Dettmer har ya mutu bai aiko a gaishe ka ba. Me ya kai ka rotsa tukunyar nan dominsa?"

Ya shaƙi garin taba, ya yi atishawa.

"Ranar da matata ke naƙudar fari akwai gwaji. Ya ce in ruga gida, ya hau a madadina." Ya jefi wata akuya da tsakuwa. "Kuma ranar, ni kaina ban yarda da ƙusoshina ba."