Murfin da Baba Sumul Bai Goge Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Sumul ya yi yana riƙe da bindigar feshi. Da motoci ya fara a wani gareji, har tari ya kama shi, likita ya ce ko ya bar fentin mota ko fentin ya gama da shi. Sai ya koma kayan katako: gadaje, ƙofofi, murafen kabad na kicin. Sunan ma a wurin aiki ya samo shi, don in ya fesa murfi ka shafa da bayan hannu, ko ƙwayar ƙura ba za ka ji ba.

Dokarsa ɗaya ce, duk kafintan da ya yi aiki da shi ya haddace ta: fenti ba ya zama a kan maiƙo. A wanke, a goge da samfefa har katako ya fito, sannan a fesa.

Kicin ɗin gidansa ne kaɗai bai taɓa ganin bindigar ba. Matarsa ta yi ta roƙo har launin kabad ɗin ya koma na ruwan shayi. "Bari in gama aikin da ke hannuna," yake cewa. Tun tana yi da gaske har ta mayar da abin wasa, ta ce ita ribarta a auren mai fenti warin tina, ruwan sirka fenti, a kayan wanki. Daga baya ta yi shiru. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin magana ta ƙare.

Wata takwas da rasuwarta, autarsu ta tayar da gyaran gidan. Aka sauya famfo, aka sa sabon tayil. Ran da ta ce za ta nemo mai fenti, sai da ya dire kofin hannunsa.

"Da raina? Wani ya shigo ya fesa mini kicin?"

"To, Baba, ai na ga layinka da tsawo," ta ce da murmushin yaƙe. "Mama ma ba ta kai gaba ba."

Washegari ya kwance murafe goma sha huɗu, ya jera su kan bulo a tsakar gida. Ya wanke sha uku, ya goge. A na ƙarshe ya tsaya, murfin inda matarsa take ajiye gishiri da man girki. Mariƙinsa ya karye tun Auta na firamare, bai gyara ba, don haka da yatsu take jan gefen. Wurin ya yi baƙi, ya yi sulɓi, shatin yatsu uku a ƙasa-ƙasa, iya inda gajeruwar mace ke kaiwa.

Ya goge ko'ina, ya kewaye wurin.

Da za a tambaye shi, zai ce ƙauna ce ta hana shi kankare hannunta. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. Shatin nan shaida ne a kansa, shekara goma sha biyar na mariƙin da minti biyar zai gyara. So yake hannun ya zauna, kuma kada kowa ya gani. Shi ya sa ya kunna injin iska, ya feshe murafen duka da fari, har da wannan.

Kafin ya kai ƙarshen layi fentin wannan murfin ya fara gudu. Ya tattare, ya yi rami-rami a daidai yatsun. Ya bari ya sha iska, ya sake fesawa. Haka dai.

A nan Auta ta same shi da la'asar. Ta dubi murfin, ba ta tambayi na ina ne ba.

"Ashe ba ka goge ba."

"Fentin ne ba shi da kyau."

"Baba, sauran sha ukun fa? Daga wani gwangwanin ka fesa su?"

Ta durƙusa, ta kai yatsunta kusa da wurin, ba ta taɓa ba.

"Da ka faɗa mini, da an bar wannan yadda yake. Wa zai hana ka? Amma ka rufe ta, kamar abin kunya."

Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya tsoma tsumma a tina, ya hau dirzar fentin don ya dawo mata da shatin. Ko sabon shiga ya san tina ba ta zaɓe: yadda take cin fenti haka take cin maiƙo. Da ya ɗaga tsumman, katako ne zalla, fes, kamar ba a taɓa girki a gidan ba.

Injin ya cika iska, ya mutu da kansa.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, wane launi ma mamanki take so?"

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta.

"Ban sani ba, Baba. Kai take faɗa wa."