Liyarin Alkasum a Shekarar Fara

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Zango da hantsi ya san rumfar Alkasum maƙerin azurfa, ko da bai taɓa shiga ba. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, in ya dawo daga masallaci sai ya share gaban rumfar da kansa, ya hura gawayi, ya rataye ɗan ma'auninsa, ya ajiye baƙin dutsen da yake goga ƙarfe a kai don ya bambance azurfa da wadda ba ita ba. Kafin aikin farko ya zo, sai ya jawo wata tukunya daga bayan buzunsa, ya zazzage abin da ke ciki a kan farin ƙyalle. Tsoffin kuɗin ƙarfe ne, na ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Bana idonsa ya yi rauni, ya miƙa maƙerar ga Sha'ibu ɗan ƙanensa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Tara kuɗin nan daga ayari ya samo asali. Fataken da ke saukowa daga Agadas da Gat sukan kawo masa kuɗin azurfa ya narka, ya yi wa matansu zobba da mundaye. Mafi yawa liyari ne, mai hoton kan mace a gefe ɗaya da tsuntsu a ɗayan, wanda kowane ɗan kasuwa a Damagaram yake karɓa ba gardama. Amma jefi-jefi akan sami baƙo a ciki, wani mai rubutun Larabci da ya soma gogewa, wani mai hoton ginshiƙai biyu. Irin waɗannan hannunsa ba ya iya jefa su wuta. Sai ya auna azurfarsa daidai nauyinsu ya yi wa mai su aiki, ya ajiye kuɗin. Har liyarin ma yakan ajiye, in ya ga tsufansa ya burge shi. Matarsa Lubabatu takan ce ita ba ta taɓa ganin mai kuɗi don kallo ba sai mijinta.

Ana haka sai shekarar fara ta zo. Ta sauka gero yana fitar da kai, cikin kwana uku ta bar gonakin gabas kara tsirara. Kafin a kai tsakiyar rani rumbuna sun ƙare, matan ƙauye suka fara shigowa gari da abin da suka mallaka a ƙulle a bakin zane: karyayyen awarwaro, ɗan kunne guda da ya rasa ɗan'uwansa, zoben da ya lanƙwashe. Masu hatsi ba sa karɓar irin wannan, sai kuɗin wuri ko liyari. Dillalai kuwa rabin daraja suke ba su, wai ai tarkace ne. Alkasum yana zaune yana kallon azurfa tsantsa tana tafiya a kan mudu kaɗan, abin ya tsaya masa a rai.

Ran nan ya shiga gida ya gaya wa Lubabatu abin da ya yanke: zai canza wa matan nan tarkacensu da kuɗin tukunyarsa.

Ta ce, "Tukunyar nan taka da ko ni ba ka bari in taɓa?"

Ya ce, "Liyarin kawai zan fitar. Su gama-gari ne, gobe ma ayari zai kawo. Tarkacen kuwa ni maƙeri ne, ba ya lalacewa a hannuna."

"To wa zai sayi zobe bana, Malam?"

"Ba kowa. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Ta ce, "To, sai mu koma tuwo sau ɗaya a yini. Je ka fitar."

Washegari ya kafa ƙa'ida guda: nauyi da nauyi. Mace ta zuba tarkacenta a gefe ɗaya na ma'auni, ya sa liyari a ɗayan, ba ragin ladan wuta, ba na dillanci. Labari ya kai Hamdara, ya kai Gidimuni. Wani dillali ya tsaya a bakin rumfar ya ce masa yana ɓata kasuwa. Alkasum bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ni azurfa nake saye da azurfa. In naka ma'aunin yana faɗin wani abu dabam, kawo shi mu duba."

Kai ne, Alkasum, wanda yunwar mutum ba ta taɓa rage masa daraja a ma'auninka ba. Mai baƙin dutse, mai farar zuciya.

Bayan wata biyu liyari ya ƙare. Abin da ya rage a tukunya sai baƙin nan da ya fi ƙauna. A ranar ne Barira ta iso daga Hamdara, gwauruwa mai 'ya'ya uku, ƙafafunta duk sun faffashe. Ita da bakinta take ba da wannan labari har yau. Ta kwance wata munduwa mai nauyi, ta ce mijinta marigayi ne ya sayo mata a hanyar Borno shekarar da aka kawo ta gidansa. Alkasum ya goga ta a dutse, sai zanen ya fito ja. Tagulla ce aka yi wa rufin azurfa.

Akwai mata a tsaye suna jira. Ya ce wa Barira ta zagayo ta gefen zugazugi, ya rage murya.

"Ɗiyata, ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan tagulla ce."

Barira ta ce ba yunwar 'ya'yanta ce ta fara zuwa mata a rai ba. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Baba, ya sani? Da saninsa ya ba ni?"

Ya juya munduwar a hannu, ya nuna mata bakin rufin. Ya ce, "Dubi aikin nan. Ni da na tsufa a kan wuta, ba don dutse ba da na rantse azurfa ce. Wanda ya sayi wannan kuɗin azurfa ya biya. Mijinki cutarsa aka yi, bai cuce ki ba."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ya mayar mata da munduwarta, ya ce ta ajiye, kyautar miji ce. Sannan ya ce ta zauna ta sha ruwa. Ya sa hannu a tukunya ya ɗauko mai ginshiƙai biyun nan, wanda wani Balaraben Gadamas ya yi shekaru yana roƙon ya sayar masa yana ƙi. Ya tafi masaukin Balaraben, ya sayar masa, ya dawo da jaki ɗauke da gero, ya danƙa wa Barira. Lubabatu ta ce daga ran nan ya yi kwana bakwai bai buɗe tukunyar ba. Ya ji zafin rabuwar, ba wai bai ji ba. Kafin damina ta faɗi, sauran baƙin ma sun bi wannan hanya ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya kawo damina mai albarka. Da kaka ta yi aka koma bukukuwa, ya narka tarkacen nan ya yi ta ƙira, har gidansa ya farfaɗo. Liyari ya dawo kamar yadda ya ce. Mai ginshiƙai biyu dai ya haye Sahara, bai sake ganin irinsa ba. 'Ya'yan Barira uku duk sun rayu. Babban yanzu shi ke noma gonar ubansa.

Alkasum, ba ka da sarauta, maroƙa ba su taɓa kiran sunanka a ƙofar kowa ba. Amma akwai gidaje daga nan har bakin tafkin Gidimuni da hayaƙi bai yanke a cikinsu ba saboda kai da matarka kun yarda ku kwana da yunwa. Mun gode. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa Sha'ibu ya riƙe abin da ka danƙa masa.

Ku kuma masu mudu da masu kamun zane da masu awon gishiri, ranarku tana zuwa da wani zai tsaya a gabanku ba shi da ƙarfin yin ciniki, duk abin da kuka faɗa shi zai karɓa. A ranar ku tuna akwai wani tsoho a Zango da ya samu irin wannan dama wata biyu cur, bai ɗauki ko ƙwayar gero ba.