Takardar Uwaisu Mai Sanyi

Uwaisu mutumin Gazara ne, amma a Maƙarfi ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Sanyi. Shekara goma sha bakwai yana gyaran esin mota, wato na'urar sanyi, a wata rumfar kwano kusa da tasha. Daga Ikara, daga Kudan, direbobi kawo masa suke. A Kano ya koyi sana'ar wajen wani dattijo, da ido da hannu, don boko dai a aji huɗu suka raba gari.

Wata rana ya je Zariya sayen gas ɗin esi wajen dilansa, Alhaji Ja'afaru, sai Alhajin ya sunkuyar da kai. "Ka yi haƙuri, Uwaisu. Masu kawo mini kaya sun ce wanda ba shi da takardar shaidar horo kada in ba shi ko gwangwani ɗaya."

To, babu gas babu sana'a. Ya rufe rumfa ya shiga horon a Zariya, mako biyu cur. Ranar gwajin hannu malamin ma tsayawa ya yi yana kallonsa. Amma aka zo jarrabawar rubutu, tambaya arba'in, duk da Turanci. Ya yi ta jujjuya biro har aka karɓe takardar. Kai, abin da ciwo! Mutanen da ba su san kwamfuresa daga batir ba suka fito suna ɗaukar hoto da satifiket, shi kuwa ya hau mota hannu rabbana.

Matarsa Mukarrama ta ce, "Baban Firdausi, ka koma gona ka jira zagaye na biyu mana." Ya ce to, amma zuciya ta ƙi. Kullum mota ta tsaya ya ce babu gas, sai ya ji kamar an mare shi. Da wani mai yawo da tukwanen gas a bayan babur ya zo, bai tambayi Uwaisu takarda ba, shi ma Uwaisu ya saya bai tambaye shi komai ba. Ya ɗan ji wani wari, ya ce wataƙila sabon kamfani ne. Ashe la'anannen ya gauraya shi da gas ɗin girki.

Motar farko da ya ɗura wa ta Jumare ce, wani direban Kudan. Bayan kwana biyu Jumare ya dawo, sanyi ya gudu, wato akwai inda ke yoyo. A ajin Zariya an ce ruwan sabulu ake shafawa a ga kumfa, kuma ya ji. Sai dai ubangidansa na Kano da kyandir yake neman yoyo: ka bi tiyo da harshen wuta, inda ya karkata nan ne. Shekara da shekaru haka Uwaisu ke yi, ko gashin hannunsa bai taɓa babbakewa ba. Ya kunna, ya sunkuya cikin bonet.

Wuta ta ce fuu. Motar Jumare ta ƙone ƙurmus. Uwaisu ya yi wata biyu a asibiti, ya dawo yatsunsa sun ƙanƙame kamar busasshiyar kuɓewa.

Alhaji Ja'afaru ya zo dubiya har Gazara. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Albishirinka. Mun kai kuka, an yarda. Zagaye mai zuwa da baki za a yi jarrabawar, da Hausa. Sai dai za ka maimaita gwajin hannu."

Uwaisu ya ce da Mukarrama ta miƙo masa sifana. Ta ɗora masa a tafi, sifanar ta zame. Ta sake ɗorawa, ta sake faɗuwa. A karo na uku Mukarrama ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

"Na gode, Alhaji," in ji shi. "A ba wani gurbin."