Wuƙar Baba a Kan Faifai

Kakata Iya ba ta yin tatsuniya sai an sallaci isha'i, an kwashe kwanuka, ta hura wutar kara a bakin ɗakinta. Mu jikoki sai mu zagaye ta, kowa na tura ƙafa kusa da garwashi. Takwara take ce mini, don sunanta aka sa mini, kuma takan ce ban gaji komai a wurinta ba sai baki. A ƙauyenmu na gefen Roni har manya kan laɓe bayan zana su saurare ta, sai dai ba sa yarda a gan su.

Akwai wani dare cikin dararen nan da har yau ban manta da shi ba. Jajiberin Kirsimeti ne, ina da shekara tara.

Darni ɗaya ne ya raba gidanmu da na Baba Bulus. Bahaushe ne kamar mu, Kirista, manomin gero da gyaɗa. Tun kafin a haife ni, duk jajiberin Kirsimeti yakan zo ƙofar gida da yamma ya ce wa mahaifina, "Malam, gobe in Allah ya kai mu, akuya na jiran ka." Da safe Baba ya ɗauki wuƙarsa ya je ya yanka masa da bisimilla, don kowane gida a unguwar ya ci naman ba tare da shakka ba. Mu kuma da Babbar Sallah, cinyar ragonmu gidansa take fara zuwa.

A shekarar an yi rikicin addini a wani birni mai nisa, mutum biyu suka dawo daga can cikin mako guda. Ɗaya ƙanin mahaifina ne, Baffa Nasiru, wanda aka kashe abokin sana'arsa a gabansa. Ɗayan Yohanna ne, ɗan Baba Bulus, an ƙone masa shagon ɗinki, ga ƙuna a hannunsa. Baffa ya ce duk wanda ya yi wa mutanen nan yanka ya ci amanar jinin musulmi, samari kuma suka fara taruwa wurinsa. Yohanna ma, aka ce, ya rantse ba musulmin da zai ƙara shiga gidansu da wuƙa. Matan gidan Baba Bulus suka daina zuwa rijiya tare da mu. Ta kafar darni muka ga ana ɗaure kaya, aka kuma ce da an gama biki za su bar garin ke nan.

Yamma ta yi, Baba Bulus bai zo ba. Baba ma bai je ya ji dalili ba. Amma bayan isha'i sai ya jawo dutsen washi ya zauna a tsakar gida, kamar kowace shekara. Ina jin ko shi bai san ko zai je ba, hannunsa ne kawai ya saba. Ƙarar ƙarfe a kan dutse ta ratsa darni. Nan take aka kashe fitila a gidan Baba Bulus, jaririn da ke kuka ma aka yi maza aka rufe masa baki da nono. Tsoro ya kama ni, na matsa jikin Iya.

Ta dubi darnin, ta dubi Baba, ta tura kara cikin wuta.

"Ga ta nan tafe," ta ce, da murya sama da wadda ta saba. "Na kusa ya matso, na nesa ma ya ji daga inda yake."

Ta ce wai rago da bunsuru ne suke kwana a garke ɗaya. Kura ta rasa yadda za ta yi da su, don ko ta wane gefe ta ɓullo sai ɗaya ya ankarar da ɗaya. Sai ta bi ta bayan shinge ta raɗa wa bunsuru, "Ka ga yadda rago ke goga ƙaho a turke? Kai yake wa shiri." Ta zagaya ta gaya wa rago haka. To, dama dukansu kullum suna goga ƙaho, ƙaiƙayi ne kawai. Amma daga ranar kowa ya koma kusurwarsa. In rago ya goga, bunsuru ya ƙara gogawa, in bunsuru ya ƙara, rago ya kwana a tsaye. Har bunsuru ya yanke shawarar tattara 'ya'yansa ya fita daji da sassafe, kura kuwa tana zaune a bakin hanya.

Nan Iya ta yi shiru.

"Sai me, Iya?" na ce.

"Sai Takwara ta rufe mini baki. Ƙarshenta ba ya wurina, yana wurin mai washi."

Ƙarar wuƙar ta tsaya. Iya ba ta rufe tatsuniyar ba, ta kore mu ɗaki.

Da safe Baba ya naɗe wuƙar a tsumma zai sa a aljihu. Iya ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne.

"Fito da ita, Malam. In ka ɓoye ta, me kake so su zata?"

Ta ɗora ta tsirara a kan faifai, ta riƙe da hannu biyu, ta shige gaba, Baba na biye da ita. Baffa Nasiru na ƙofar zaure da samarinsa.

"Iya, don girman Allah ki koma ciki."

"Nasiru, na san abin da idonka ya gani. Zo ka faɗa wa wanda shi ma ya gani."

Bai bi su ba, amma ya kauce daga hanya. Ni kuwa na ruga na manna ido a kafar darni. Yohanna na tsaye a ƙofarsu da gora.

"Yohanna, ba gaisuwa? Gorar nan ta mece ce?"

"Ina kwana, Iya. Wuƙar nan fa?"

"Ta akuyar gidanku ce, irin ta bara."

Baba Bulus ya fito idanunsa jawur. "Malam, jiya ba wanda ya runtsa a gidan nan. Ni kunya ce ta hana ni zuwa, kada in haɗa ka da 'yan'uwanka."

"Ni kuma na ɗauka kai ne ba ka so na," in ji Baba.

Aka shimfiɗa tabarma. Sun daɗe suna magana kafin a kwanto akuya, Yohanna ya faɗi nasa har ya yi kuka, Baba ya ba su labarin abokin Baffa. Da hantsi aka yi yanka. Kafin la'asar na ga ana kwance kayan da aka ɗaure. Baffa bai ci naman ba, sai bayan shekara biyu ma na fara ganin yana amsa gaisuwar Yohanna.

Da aka kawo mana kasonmu, Iya ta ɗauki tsoka ɗaya ta ɗaga mini. "To, Takwara, ƙurunƙus. Yanzu ta ƙare."

Yau ina koyarwa a Kazaure, ina kuma zama a taron da mata musulmi da Kirista ke yi don a fahimci juna. Da ina yarinya na ɗauka kura ce abin tsoro a tatsuniyar. Yanzu abin da ya fi tsorata ni shi ne mutanen kirki biyu, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa, suka kusa rabuwa har abada don ba wanda ya taka ya tambaya. Ina kewar Iya ƙwarai. Har yau in maigidana ya jawo dutsen washi ranar jajiberin Sallah, sai na yafa mayafi na leƙa gidan maƙwabciyata Saratu na ce mata, "In kin ji ƙara, rago ne. Gobe ki aiko da kwano."