Buwai da Kiryar Kan Dutse

A bayan Zakirai akwai wani dutse da ba shi da tsawon a zo a gani, amma a ƙasar da ko'ina gona ce shimfiɗe, shi ne abin kallo. A gindinsa Buwai ya yi rayuwarsa, shekaru kaɗan bayan jihadi. Bamaguje ne, manomi, kuma ko sannu ka yi masa sai ya tambayi wanda ya aiko ka.

Fatake da mafarauta shi suke nema ya zaga da su. Ya nuna musu ramukan da mutanen dauri suka narka tama don fitar da ƙarfe, da guntun ganuwar garin da ya watse. Abu ɗaya ne ba ya nunawa: wata tsohuwar kirya a can ƙoli, da tukunyar kakanninsa a gindinta, inda gidansu ke zuba sabon gero. Ya ji labarin malamai na sa a sare irin waɗannan itatuwa, sai tsoron gatari ya hana shi sakat.

Rannan wani baƙo, Malam Khalilu, ya yi sallama ya ce yana son hawa.

"Me ka ajiye a can, Malam?"

"Iska zan sha, Baba."

"Ta ƙasan ƙarewa ta yi?"

Buwai ya ja shi ta cikin ƙaya da duwatsu masu zamewa, yana zuba masa tarihi, rabi gaskiya rabi na nan take, ko Allah zai sa ya gaji. Ina! Malam kamar akuya. Suka ɓulla ƙoli, Malam ya zauna a inuwar kiryar, ƙafarsa dab da tukunya. Ya hango gonaki har inda ido ya tsaya, ya ce, "Masha Allah, inuwa mai daɗi." Ya sauka, ya yi godiya, ya kama hanyar Gezawa.

Shirun nan ya fi damun Buwai. Ya ce da matarsa Goggo, "Mutum ya ga tukunya bai tambaya ba? Auna kaurin itacen ya zo yi."

"Ko kuma ya gaji ne, maigida. Kai ma haki kake."

Bai saurare ta ba. Gari na wayewa ya ɗauke tukunyar ya ɓoye a bayan rumbu, don in masu gatari sun zo su tarar da itace kawai.

To, a ƙasar nan tukunyar ce ke hana hannu taɓa itace. Sama'ilu maƙeri, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu saboda gawayin kirya, ya hau ya ga gindi fayau, ya ce ai masu shi sun tashi. Kafin kasuwa ta zagayo ya kayar da ita.

Buwai ya tsaya kan kututturen, ya gyaɗa kai.

"Na faɗa miki, Goggo. Malamin nan ne ya turo shi."