Ranar da Waya Ta Rufe Mini Gareji

Garejina yana bakin kwalta a Dogon Dutsi, gadon mahaifina ne, ba mu taɓa kafa allo ba. Direba ne ke gaya wa direba. Sai zamani ya juya: baƙo in motarsa ta lalace, wayarsa yake tambaya ina bakanike, ita kuma ta amsa masa kamar haifaffiyar garin.

A daminar nan baƙi suka ɗauke mini ƙafa. Ƙarshenta ƴata ta tambayi wayar a gabana, ta ce mana wai garejina an rufe shi har abada, a nemi na gaba. Na gaban kuwa na taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ni na koya masa riƙon sufana.

Na same shi yana shan shayi. Bai ko musa cewa shi ya rubuta wa wayar hakan ba.

"Wasa na, taubashi," ya ce yana dariya. "Ko hushi za ka yi?"

Ya san inda ya kama ni. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi dangi ke yi wa dariya. Na yi dariyar nima, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma ƙudurta sai na rama.

Ƴata ta ce za ta iya gyarawa. Na hana ta.

Bayan girbi wata babbar mota ɗauke da wake daga Ɗan Kassari ta mace a ƙofarsa, aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Sai an ciro inji, kuma a layinmu ni kaɗai ke da sarƙar ɗaga inji. Ya iso da rana tsaka, mai motar na bin bayansa.

"Yaya, ara man sarƙa."

Yau kuma na zama yaya. Na ce ya fiddo wayarsa ya tambaye ta garejina, da ƙarfi, kowa ya ji. Ya tambaya. Ta ce an rufe.

"Ka jiya? Mu an ruhe mu. Wa za ya ba ka sarƙa?"

Direbobin da ke wurin suka fashe da dariya. Nan a tsaye, yana gumi, ya gyara abin da ya rubuta, ya nuna wa ƴata. Mai motar kuwa ya riga ya sa an janyo ta zuwa wurina.

Taubashina ya tsaya yana kallona, idonsa ja.

Na ce, "Wasa na. Ko hushi za ka yi?"